PSA ɗin Baba bayan gashi, da yadda muke karanta takardar lab

Duk wanda aka yi wa mahaifinsa ko mijinta gashin kansar furostet, wato maganin da ake yi da hasken na'ura, ya san cewa zullumin baya ƙarewa ranar da aka gama shiga na'ura. Shi gashin ma da sauƙi in dai ka samu layi kuma na'urar tana aiki, kwanciya ce ta 'yan mintoci kullum daga Litinin zuwa Juma'a, ba zafi ba komai, sai dai gajiya da yawan fitsari da ɗan ɓacin ciki da suke biyo baya. Abin da yake cin rai shine takardar nan da ake karɓowa daga lab duk bayan wata uku ko wata shida, lamba ɗaya tal ta gwajin jinin da ake kira PSA, yau 0.3 gobe 0.6, kuma akan wannan 'yar lambar sai gida guda ya kasa barci. A gidanmu ni ne mai riƙe fayil ɗin Baba, ba wai don ni likita bane, ni ne dai na fi kusa kuma ni nake kai shi asibiti, toh a haka a haka, da yawan tambayar likitoci har su gaji da ni, na ɗan iya karatun abin.

PSA wani sinadari ne da furostet take yi, ita kuma furostet 'yar ƙaramar halitta ce a ƙasan mafitsarar namiji wadda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Kaɗan daga cikin sinadarin yana zuba cikin jini, shi ake aunawa. Abin da ya kamata mutum ya riƙe tun farko shine lafiyayyar furostet ma tana yin PSA, ba mai kansa kaɗai ba. Kumburi yana ƙara shi, infekshin yana ƙara shi, girman furostet na tsufa yana ƙara shi. Kuma asali ma don bibiyar waɗanda aka riga aka gano musu cutar aka fara amincewa da gwajin, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan aikin a 1986, sai a 1994 ta yarda a rinƙa amfani da shi wajen neman cutar a jikin wanda ba a san yana da ita ba. Ma'ana wannan bibiyar da muke yi ita ce aikin da gwajin ya fi ƙwarewa a kai, in dai an san yadda ake karanta shi.

Akwai wani aminin Baba, tare suke zaman majalisa tun kafin a haife mu, shi tiyata aka yi masa a Indiya aka cire furostet ɗin gaba ɗaya. Wata rana ya zo duba Baba ya ce Alhaji mu ga takardar taka, ya sa tabarau ya duba ya girgiza kai ya ce ai ni nawa sifili ne, likitana ya ce in ya kai 0.2 ciwon ya dawo, kai naka 0.6 ai da saura. Wallahi ranar Baba ko tuwon dare bai ci ba. Kuma mutumin ba ƙarya yayi ba, ga wanda aka cire wa furostet haka abin yake, cikin sati shida zuwa takwas PSA ya kamata ya sauka har na'ura ta kasa ganinsa, in daga baya ya kai 0.2 aka sake aunawa aka tabbatar, toh ana ɗaukar cewa wani abu ya rage a jiki. Amma wannan dokar masu tiyata ce, ba ta shafi Baba ba ko kaɗan. Shi Baba furostet ɗinsa tana nan a jikinsa, gasa ta aka yi ba cire ta ba, kuma ɓangaren da ya rage lafiyayye zai ci gaba da fitar da ɗan PSA har ƙarshen rayuwa.

Yadda na fahimci abin, tiyata kaman sare bishiya ce, ranar da aka sare ta shikenan ta faɗi, shi kuwa gashi kaman a sa wuta a gindinta ne, tana nan tsaye, ganyen yana zuba a hankali sai bayan lokaci mai tsawo za ka gane ta bushe. Hasken gashin lalata ƙwayoyin halittar kansar yake yi ta ciki, ba sa mutuwa nan take, sai ranar da ƙwayar ta zo rabuwa biyu ta kasa sannan ta mutu, kuma ita kansar furostet yawanci a hankali take rabuwa. Shi ya sa PSA bayan gashi yake sauka da rarrafe, sai ya ɗauki wata 18, shekara biyu, wani ma har uku ko fiye kafin ya kai ƙarshen saukarsa. Kuma shi ya sa ba a auna shi sati ɗaya bayan gama gashi, lokacin furostet ɗin a fusace take, lambar ma tana iya ɗan hawa. Yawanci sai bayan kaman wata uku ake yin gwajin farko. Masu gaggawar zuwa lab washegari don su ga ko kuɗinsu yayi aiki, asarar kuɗi ce da ɗaga hankali kawai.

Yanzu ga inda nake ganin an fi cutuwa. In ka duba takardar lab, a gefen lambar za ka ga an rubuta 0 zuwa 4 ng/mL, wai shine daidai. Wannan layin na mutumin da ba a taɓa yi masa magani bane, mai cikakkiyar furostet. Kwamfutar lab ba ta san an yi wa Baba gashi ba, ita dai duk namiji haka take buga masa. Toh sai mutum ya karɓo takarda ya ga 3.2, ya ga yana ƙasa da 4, mai lab ɗin ma ya ce masa Alhaji nomal ne, ya ninke ya sa a aljihun babbar riga ya daina komawa asibiti, alhali ga wanda aka yi wa gashi 3.2 tana iya zama alamar ciwon ya dawo. Wannan ya fi ba ni tsoro akan masu firgita da 0.6, domin su masu firgita aƙalla suna komawa wajen likita.

Ma'aunin da likitocin gashi suke bi daban ne. Suna duba lamba mafi ƙanƙanta da mutum ya taɓa samu tun bayan gashin, a fayil za ka ga sun rubuta nadir, sai su ƙara 2 a kai. In PSA ya kai wannan ko ya wuce, sannan ake cewa a gwajin jini ciwon ya dawo. Misali wanda mafi ƙanƙantar lambarsa 0.4 ce, iyakarsa 2.4. Wanda tasa 1.0 ce, iyakarsa 3.0. Kun ga kenan kowa da tasa iyakar, ba za ka ari ta maƙwabci ba, kuma kusan dukansu suna ƙasa da 4 ɗin da ke kan takarda. An tsaida wannan ma'aunin ne a wani taron masana gashi da aka yi a birnin Finiks na jihar Arizona ta Amurka a 2005. Kafin nan dokar ita ce in lamba ta hau sau uku a jere an ce ya dawo, sai aka ga tana sa ana yi wa mutane da yawa hukuncin da bai tabbata ba, tunda 0.3, 0.4, 0.5, 0.6 ma hawa uku ne a jere, kuma mai wannan lambobin yana iya zama lafiya ƙalau.

Amma kar wani ya ɗauka cewa sai an kai iyakar nan likita zai motsa. In lamba tana hawa ba tsayawa gwaji bayan gwaji, likita yana iya matso da ranar gwaji ko ya nemi hoto tun kafin a kai. Iyakar ba ta hana tunani ba.

Sai maganar allura, wadda ita ce take rikita lissafin gaba ɗaya. Da yawa daga cikin masu gashi ana haɗa musu da allurar danne sinadarin maza, testostiron, domin kansar furostet da shi take rayuwa. Ita ce allurar nan da ake yi a fatar ciki duk wata ko duk wata uku, Zoladex da ire-irenta, wani lokacin a haɗa da ƙwayar Casodex a farko. Wanda ciwonsa yake tsaka-tsaki ana masa wata huɗu zuwa shida, wanda nasa yake da ƙarfi ana kai shi wata 18 har zuwa shekara uku. Baba lokacin da aka gano abin PSA ɗinsa 17.6 ne, aka ɗebi tsoka aka gwada aka ce makinsa na Gleason, wato makin da ke nuna ƙarfin kansar, 7 ne, aka sa masa allurar wata shida da gashi zama 20 cikin sati huɗu. Gwajin farko bayan gashi ya fito 0.09. Aka yi ta murna a gurup ɗin gida, Yaya babba har da cewa a yanka rago. Likitan ya ce mana, Malam ku yi murna amma ku sani rabin wannan aikin allura ne, ita take danne lambar, ainihin labarin sai ta fita daga jikinsa za mu fara karantawa.

Haka kuwa aka yi. Bayan an tsaida allura testostiron baya dawowa rana ɗaya, yana ɗaukar watanni, ga tsofaffi da waɗanda suka daɗe a kanta yana iya wuce shekara, wani ma baya komawa yadda yake a da. Yana dawowa, sauran lafiyayyar furostet ɗin sai ta farfaɗo ta fara yin PSA. Na Baba ya tashi daga 0.09 zuwa 0.3, daga nan 0.6. In ka kalli lambobin kawai sai ka ce ya ninka sau shida, hankalinka ya tashi, amma a daidai lokacin ne zafin nan da yake taso masa da dare har gumi ya jiƙa riga ya fara raguwa, ƙarfinsa ya fara dawowa, ya koma zuwa masallaci da ƙafa. Abu ɗaya ne yake jawo su duka. Shi ya sa likita mai lura yakan sa a auna testostiron tare da PSA, da safe ake ɗibar jinin. Lokacin da mutum yake kan allura ana son ya kasance ƙasa da 50 ng/dL, wasu lab ɗin suna rubuta shi 1.7 nmol/L, abu ɗaya ne. In PSA yana hawa tare da dawowar testostiron bayan an daina allura, wannan ana sa ransa. In kuwa PSA yana hawa alhali mutum yana kan allura kuma testostiron yana can ƙasa, wannan magana ce daban, ba ta jiran wata uku, likita ake nema. Haka ma waɗanda aka cire wa 'ya'yan maraina maimakon allura, wanda a nan ƙasar ana yi sosai saboda tsadar allurar, su nasu testostiron ɗin ba zai dawo ba har abada, don haka hawan lamba a wajensu ba a yi masa wannan uzurin.

A nan ne kuma masu maganin gargajiya suke cin kasuwa. Mutum yana kan allura, wani ya kawo masa jiƙo a jarka ya sha wata biyu, a je gwaji a ga lamba ta faɗo daga 20 zuwa ƙasa da 1, sai a ce ai jiƙon ne, har a ba shi shawara ya daina wahalar da kansa da allura mai kashe mazakuta. Ni dai ban hana kowa shan abin da ya yarda da shi ba, Baba ma yana shan zumarsa da habbatus sauda, amma dan Allah kar a ba jarka ladan aikin allura, kuma duk abin da ake sha a gaya wa likita, ko don hanta da ƙoda.

Tashin hankalin da ya fi girma a gidanmu shine lokacin da takarda ta fito 1.1, daga 0.6. Umma ta kira ni ta ce kai ka gaya min gaskiya ciwon mahaifinku ya dawo ko. Na ce Umma iyakarsa 2.09 ce, bai ma kai ba, amma ni kaina cikina ya ɗuri ruwa, domin kusan ninki ne cikin wata shida. Da muka je, abu na farko da likita ya tambaya ba lambar bace, cewa yayi Baba kwanan nan fitsari yana maka zafi? Baba ya ce eh to, yana ɗan yi, kuma yana wari, na ɗauka rashin shan ruwa ne. Aka yi gwajin fitsari aka samu infekshin, aka ba shi antibayotik, aka ce a jira sati shida kafin a sake auna PSA, kar a yi gaggawa domin lambar tana daɗewa kafin ta sauka bayan infekshin. Da aka sake ya fito 0.7.

Kuma ko ba infekshin akwai wani abu sananne da yake faruwa bayan gashi, PSA ya yi ɗan tsalle sama haka kawai sannan ya sauko da kansa ba tare da an yi komai ba. Yawanci tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu bayan gashi yake zuwa, yawanci kuma ƙarami ne, ƙasa da 1, duk da cewa wani lokacin yana yin girman da zai tsorata har likita. Ya fi yawa ga waɗanda aka yi wa gashin ciki, wanda ake dasa abin hasken a cikin furostet ɗin kanta, kuma ya fi samun masu ƙarancin shekaru. Ba alamar dawowar ciwo bane. Matsalar ita ce ranar da ka gan shi ba ka da hanyar sanin ko tsallen ne ko hawan gaskiya, sai gwaji na gaba ya raba gardama, kuma wannan jiran na wata biyu ko uku shine azabar, ba wani abin da za ka yi sai addu'a da hana 'yan uwa tura wa Baba bidiyon da suka gani a TikTok.

Akwai abubuwan da ake so mutum ya kiyaye kafin a ɗebi jinin. Ba sai da azumi ba, PSA bai damu da ko ka karya ba. Amma in an sa wa mutum robar fitsari kwanan nan, ko fitsari ya riƙe masa, ko an zura masa kyamara ta hanyar fitsari, duk suna ɗaga lamba, a gaya wa likita ya ɗaga ranar gwajin. Doguwar tafiya a keke ma ana cewa a bari kwana biyu kafin gwaji. Sai kuma kusantar iyali, ita ma ana so a ƙaurace mata awa 48 kafin a ɗebi jini. Toh wannan ta ƙarshen, ku gaya min ta yaya ɗa zai buɗe baki ya faɗa wa mahaifinsa. Ni dai fita nayi daga ofishin na ce zan je in biya kuɗin kati, na bar likita da Baba su ƙarasa, dama tun a waje na roƙe shi ya faɗa masa da bakinsa. Da muka shiga mota ba wanda ya ce uffan har gida, rediyo ce ta cece mu.

Sannan lab. A riƙe lab ɗaya in dai zai yiwu. Injinan auna PSA ba iri ɗaya bane, akwai ma'auni biyu da kamfanoni suke saita injinansu a kai kuma bambancinsu yana kai kusan kashi 20 cikin ɗari a jini ɗaya. In kana auna wannan a Kano, na gaba a Abuja saboda an je biki, na gaba a wani ɗan lab na bakin titi saboda ya fi araha, toh hawa da saukar da za ka gani wataƙila na injin ne ba na jikin mutum ba. Kuma a lura da 'yar alamar nan mai kama da bakin kibiya kafin lamba. In an rubuta <0.1 ba ana nufin 0.1 ba, ana nufin ƙasa da haka, injin ya kai iyakar ganinsa. Wani injin yana gani har 0.01 ko ƙasa, sai ya rubuta maka 0.04, mutum ya ga kaman an samu wani abu sabo alhali da ma yana nan. 'Yan uwanmu na Nijar kuma takardunsu da Faransanci suke zuwa, za ka ga waƙafi a maimakon ɗigo, 0,35 kenan 0.35, wani lokacin a rubuta µg/L, shi da ng/mL duk ɗaya ne ba sai an yi wani lissafi ba.

Wani abin da nake jin haushi, ka je lab ka ce PSA sai a ce maka a haɗa da firi PSA, wani gwaji na daban mai auna wani ɓangare na PSA ɗin, kuɗin ya kusa ninkawa. Wancan ɗin amfaninsa kafin a gano cuta ne, yana taimaka wa likita ya yanke ko za a ɗebi tsoka ga wanda lambarsa take tsakanin 4 da 10. Wanda aka riga aka gano masa aka gasa, jimillar PSA kawai ake bi, sai dai in likitansa ne da kansa ya rubuta wani abu daban.

Magunguna ma suna taɓa lambar. Finasteride da dutasteride, waɗanda ake ba tsofaffi don girman furostet, kuma a kemis ana miƙa su ba tambaya, suna rage PSA kusan rabi bayan an sha su na wasu watanni. Ma'ana mai shansu in takarda ta ce 1.2, a gaskiya abin ya fi haka. Biotin mai yawa, irin wanda yake cikin ƙwayoyin ƙarin gashin kai da gyaran fata, yana iya rikita wasu injinan su ba da lamba ƙasa da gaskiya. Ni abin da nake yi duk zuwa asibiti sai in kwashe duk kwalayen da ke kan durowar Baba in zuba a leda in juye wa likita a tebur, ya fi sauƙi akan in tsaya tuna sunaye.

Littafi kuma dole ne. Ɗan littafin makaranta mai shafi 40 ya isa, kwanan wata, lamba, sunan lab, ko yana kan allura ko ya daina, da duk wani abu da ya faru a satin, zazzaɓi ko zafin fitsari. A asibitocinmu ba lallai likitan da ka gani wancan karon shi za ka gani yau ba, fayil ma wani lokacin sai an yi ta nema, amma in ka buɗe masa shafi ɗaya ya ga layin lambobin daga farko, cikin minti ɗaya ya gane inda aka kwana. Ba a iya sanin mafi ƙanƙantar lambar mutum in takardun baya sun ɓace, kuma in ba a san ta ba iyakar tasa ma ba a san ta ba.

In lamba ta tabbata tana hawa, abin da likitoci suka fi kallo shine saurinta, wato wata nawa take ɗauka kafin ta ninka. Wanda tasa ta tashi daga 1 zuwa 2 cikin shekara biyu da wanda tasa ta tashi daga 1 zuwa 2 cikin wata huɗu, lambarsu ɗaya a takarda amma labarinsu ba ɗaya bane. Suna kuma kallon yaushe abin ya faru, wanda ya tsallake iyakarsa cikin wata 18 na farko bayan gashi an fi damuwa da shi akan wanda ya tsallake bayan shekara shida, sai kuma makin Gleason na farko, 8 zuwa 10 ba a wasa da su. Kuma tsallake iyakar ba yana nufin mutum ya kusa tafiya ba, akwai masu yin shekaru da yawa daga nan kafin wani abu ya bayyana a jiki, wasu tsofaffin ma in hawan a hankali yake sai likita ya ce a ci gaba da sa ido kawai. Abin da ake yi shine neman inda abin yake, ko a cikin furostet ɗin ne ko ya fita. Ana yin MRI, ana hoton ƙashi, sannan akwai sabon hoto mai suna PSMA PET da yake gano ciwon tun lamba tana ƙasa, amma samunsa a nan da wuya kuma da tsada, da yawa sai sun fita Masar ko Indiya. Daga abin da hoton ya nuna ake yanke ko a koma allura, ko a gasa wurin da ya ɓulla, ko wani magani a furostet ɗin kanta.

PSA ba shi kaɗai bane a takardun. Mai shan allura jininsa yakan ɗan ragu, PCV ya sauka kaɗan, wannan sananne ne, amma in ya sauka sosai ko ana ganin jini a bayan gida a faɗa, domin gashi yana iya taɓa ƙarshen hanji ya rinƙa zubar da jini ko bayan shekara. Wani nau'in fararen ƙwayoyin jini yakan ragu bayan gashin ƙugu ya daɗe bai koma ba. ALP, wani sinadari a jini, in ya hau ana duba ƙashi da hanta. Kiriyatinin na ƙoda ne, in ya hau ana tsoron ko fitsari baya fita yadda ya kamata. Mai shan Casodex ana duba masa hanta. Kuma akwai abubuwan da ba a jira musu ranar gwaji komai kyan lambar da ta gabata, domin akwai nau'in kansar da ba ta fitar da PSA sosai: ciwon baya ko ƙugu da baya barin mutum barci, ƙafafu su yi nauyi ko su mutu, fitsari ya tsaya cak ko mutum ya kasa riƙe fitsari da bayan gida. Musamman mutuwar ƙafa tare da ciwon baya, wannan a ranar ake tafiya asibiti ko tsakar dare ne, domin yana iya zama laka ce aka danne kuma awanni suna da muhimmanci.

Mu a yanzu abin da yake ba mu aiki ma ba PSA bane, ya tsaya tsakanin 0.6 da 0.7 an mayar da mu duk wata shida. Suga ne. Allurar tana ƙara ƙiba da suga da kitsen jini, Baba ya fito daga ita da tumbi da sugan da yake bakin iyaka, likita ya ce a rage zaƙi a rinƙa tafiyar rabin awa kullum. Tafiyar ya yarda, yana zagaya unguwa bayan la'asar. Shayin safe ne ake ta fama, Umma ta rage cokali shi kuma ya aiki jika ya ƙaro masa a ɓoye, gwajin suga na HbA1c na wata mai zuwa ne zai tona wanda yayi nasara a cikinsu.